Layi Goma Sha Ɗaya a Katin Anti Lamba

A hawa na uku na wani tsohon bene, saman shagon masu gyaran firji, akwai wani ofishi mai tebura bakwai da fanka biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ado. A teburin da ke fuskantar ƙofa wata mata ke zama, wadda ko agogon bango ba ta yarda da shi ba. In ya ce ƙarfe tara, sai ta duba na hannunta, ta duba na waya, sannan ta yi wa na bangon wani kallo kamar ta kama shi da ƙarya amma ta ƙyale shi na yau. Teburin ma ita ta zaɓe shi, don ta ga mai shiga da mai fita, kuma don kada kowa ya tsaya mata a baya. Anti Lamba ake ce mata. Sunanta na yanka yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma ko Manaja sai ya yi tunani kafin ya tuno shi.

Halin na gado ne. Mahaifinta mai yankan makulli ne a bakin kasuwa, ya shekara arba'in a sana'ar, kuma ya ga mutane iri-iri suna zuwa masa da makullin da ba nasu ba suna murmushi. Ta taso tana ganin in ya rufe shago sai ya ja kwaɗon sau uku, ya yi taku goma, ya dawo ya sake ja. Amma shi tsohon mai barkwanci ne, yana jan kwaɗo yana dariya. Ita ta ɗauki jan kwaɗon, ta bar masa dariyar.

Ta fara aiki a maɗaba'a, tana duba kurakurai kafin a buga littafi, har shekara shida. Da maɗaba'ar ta rufe, ta zo ofishin nan a matsayin mai buga takardu, ta yi ta leƙen aikin masu kwamfuta har ta iya abin da ta iya. Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali, ya daɗe da daina cewa ya kulle ƙofa, don ko ya faɗa ko bai faɗa ba sai ta tashi ta taɓa. 'Ya'yanta biyu sun san cewa "na yi aikin gida" ba magana ba ce sai da littafi a buɗe. Mahaifin kuwa, yanzu da ya tsufa yana zaune wurin ƙanwarta, kullum ƙarfe goma sha biyu na rana sai ta kira shi a kan maganin hawan jini, kuma ba ta ajiye waya sai ya kaɗa mata kwalbar ta ji ƙarar ƙwayoyin, ta kuma ji ya haɗiye.

Aikin ofishin kamar don ita aka ƙirƙiro shi. Wani kundin manhaja suke yi, wanda wasu masu manhaja ke ɗauka su gina nasu a kai. Amfaninsa ɗaya ne: ka sa bayananka a akwati ka kulle, ka miƙa wa wanda ba ka yarda da shi ba, ya yi lissafi a kan abin da ke ciki ba tare da ya buɗe ba, ya dawo maka da akwatin, ka buɗe da makullinka ka tarar da amsa. Asibitoci ne suka fi saye, masu son a lissafa musu bayanan marasa lafiya ba tare da wani ya ga sunan kowa ko ciwonsa ba. Ranar da aka fara yi mata wannan bayani, sai ta ce ashe dai akwai masu hankali a duniya.

Ba ita ke rubuta lissafin ba. Wannan aikin Farfesa ne, wani dattijo mai furfura da bai taɓa koyarwa a jami'a ba, sunan ne kawai ya bi shi. Nata aikin shi ne ranar fitar da sabon bugu. Kowane bugu yana da lambarsa, kuma lambar nan ba a wuri ɗaya take zaune ba. Tana kan shafin farko, tana cikin fayil ɗin da ke haɗa kundin, tana cikin umarnin saukewa, tana ƙasan takardar izini, tana nan tana can. Ka canza goma ka manta ɗaya, sai kundin ya ce wa wannan shi sabo ne, ya ce wa wancan shi tsoho ne. Shekara tara da suka wuce ta zauna ta bi kundin layi-layi, ta samo wurare goma sha ɗaya, ta rubuta su da jan biro a bayan wani katin gayyatar biki, ta kai aka manne shi da leda. Katin yana cikin jakarta, a aljihu mai zik. A wuyanta kuma, a jikin baƙin zare, akwai makullin hatimi, wani ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa da ake sokawa a kwamfuta a buga wa sabon bugu shaidar cewa daga ofishin ya fito kuma an duba shi. Bugu talatin da ɗaya ta fitar, ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba a kan lamba. Ba ta da wani abin alfahari da ya wuce wannan, kuma ba ta ɓoye alfaharin.

Sai ga Dogo. Shekara ɗaya da rabi ke nan da zuwansa, magidanci mai 'yan biyu, dogo har sai ya sunkuya a ƙofar bayi, mai yawan gaisuwa. Yawan gaisuwar ne ya fara tsaya mata a rai. Mutum ya gaishe ka da safe, ya sake gaishe ka bayan shayi, me yake nema? Da ta ji kuma wai ya rubuta wata 'yar manhaja da za ta riƙa canza lambobin da kanta cikin daƙiƙa biyu, sai ta gyaɗa kai, ta ce a ranta yau ga abin da ake ta gaisuwa dominsa.

Ranar Litinin Manaja ya tara su. Mutum ne da ba ya son rigima, shi ya sa yake yanke hukunci da sauri kafin rigimar ta iso.

"Ranar Alhamis za mu fitar da 4.3.0," in ji shi. "Anti, ki yi da katinki kamar kullum. In katin ya wadatar, shi ke nan, a bar zancen manhaja. In kuwa aka samu wurin da katin bai sani ba, makullin hatimi ya koma hannun Dogo, mu koma sabuwar hanya. Kowa ya yarda?"

"Ranka ya daɗe, ni ba makulli nake nema ba," in ji Dogo.

"Ai ba wanda ya ce kana nema," in ji Anti Lamba, ta ɗora hannu a kan zaren wuyanta.

Kafin a tashi daga taron ta riga ta rufe kundin, yadda ba mai iya canza ko ɗigo sai ita. A da, ran jajibiri take rufewa. Wannan karon ta ce kwana uku ba su yi yawa ba. Farfesa ba ya nan balle ya yi ƙorafi, tun makon jiya yana gida, an cire masa yanar ido.

Ranar Alhamis ta riga kowa zuwa. Ta goge gilashinta, ta fito da katin, ta shimfiɗa shi a gefen kofin shayi. Wuri na ɗaya, ta share 4.2.9 ta rubuta 4.3.0, ta karanta da ƙarfi, ta ɗora ƙwayar maɓallin riga a kan layin katin. Maɓallai goma sha ɗaya take da su a gwangwanin alawa, kowane layi da nasa, don ba ta yarda da ƙwaƙwalwarta ba ita ma. Kafin goma sha ɗaya da rabi gwangwanin ya zama wayam.

Saura jan kwaɗo. Tana da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur da ba ta taɓa barin kowa ya kunna ba. A nan take gwada sabon bugu: ta kulle lamba bakwai a akwati, ta kulle biyar, ta sa a haɗa su a kulle, ta buɗe ta ga goma sha biyu. Daga nan ta duba tambarin da kundin ke bugawa a bakin kowane akwati, wanda ke faɗa wa mai karɓa wane bugu ne ya kulle shi. Tambarin nan ba abin wasa ba ne. In sabon bugu ya buga tsohuwar lamba, kwamfutar asibiti za ta buɗe akwatin ta tsohuwar hanya, amsa ta fito a karkace, kuma ba ƙararrawar da za ta buga. Likita zai karanta lamba ya ɗauka gaskiya ce.

Amsa ta fito goma sha biyu. Tambarin ya ce 4.2.9.

Ta cire gilashi ta goge ta mayar. Ta sake gwadawa, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta sake. Tambarin bai canza ra'ayi ba. Ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba, fushi ne. Ta san tambarin daga wuri na uku yake ɗaukar lamba, ita da kanta ta gano haka shekara tara da suka wuce, kuma ga maɓalli a kan layi na uku. To wa ya taɓa? Ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo. Mai rubuta littafin jagora, wanda ke koya wa masu saye amfani da kundin, tana ɓare lemo. Su biyun da ke bakin taga suna gardamar ƙwallo ƙasa-ƙasa. Dogo yana kallonta, da suka haɗa ido ya yi murmushi.

Murmushin ne ya gama komai. Ta miƙe.

"Dogo, me ka sa a kundin nan kafin in rufe?"

"Ni, Anti?"

"A'a, fanka. Tambari yana buga tsohuwar lamba. Shekara tara bai taɓa yi ba sai makon da aka sa makulli a tsakaninmu. Kai ka ga wannan ya yi kama da tsautsayi?"

Daga ƙasa ana jin masu firji suna buga ƙarfe. Dogo ya miƙe, ya buɗe baki, ya ce, "Anti, da za ki bari in duba, akwai wani abu da..."

"Kada ka duba, kada ka taɓa, kada ka taimake ni. Zagon ƙasa a yi shi a fili mana, ba sai an haɗa da gaisuwa ba."

Fuskarsa ta canza. Ya zauna a hankali, ya ɗora hannuwansa a kan cinya kamar wanda aka ce kada ya motsa a ɗauke shi hoto. Manaja ya leƙo, ya ji abin da ya faru, ya duba agogo, ya ce asibitoci uku suna jira kuma ya yi musu alkawarin ƙarfe biyar. Ya ƙara da cewa zargi ba shaida ba ne, ta nemo shaida. Ya koma ya rufe ƙofa.

Ƙarfe goma sha biyu ta fita kan matakala ta kira mahaifinta, don ko sama za ta faɗo ba ta tsallake wannan. Tsohon ya kaɗa kwalbar, ya haɗiye da ƙarfi yadda za ta ji, ya ce, "Uwata, yau muryarki kamar an saka makulli a kwaɗon da ba nasa ba." Ta ce aiki ne, ta ajiye.

Ta dawo ta sa kwamfuta ta nemo duk inda aka rubuta 4.2.9 a kundin. Babu ko ɗaya. Wannan ya ƙara tabbatar mata da cewa da gangan aka ɓoye, don kuskure ba ya iya ɓuya haka. Sai ta koma irin aikinta na maɗaba'a, ta bi tambarin a ƙafa, daga fayil zuwa fayil, wannan ya tura ta wancan. Shayinta ya huce, lemon da mai jagora ta ajiye mata ya bushe, don ba ta cin abin da ba ita ta ɓare ba. Wajen ƙarfe biyu ta faɗa cikin wani fayil na Farfesa, cike da dogayen lambobi da ba ta taɓa fahimtarsu ba, irin fayil ɗin da take wucewa kamar yadda ake wuce gidan mai kare. A can tsakiya, tsakanin lambobi biyu masu tsawon layin dogo, ga wata 'yar gajeruwa tana zaune abinta: 40209. Huɗu, sifili biyu, sifili tara. Tsohuwar lambar ce aka cire mata ɗigo aka cusa mata sifili, shi ya sa nema bai kama ta ba. Daga nan tambarin ke sha, ba daga wuri na uku ba.

Ta buɗe tarihin fayil ɗin, inda ake ganin wa ya canza me kuma yaushe, tana da yaƙinin za ta ga sunan Dogo. Babu shi. Sunan Farfesa ne, sau goma sha huɗu, a cikin shekara huɗu. Kowane ɗaya kwana guda kafin ta fitar da bugu, kowane ɗaya a cuɗe da wasu gyare-gyaren lissafi, kuma kowane ɗaya da bayani iri ɗaya a gefe: share-share.

Wani zai ji kunya nan take. Ita sabon zargi ta ji. Dattijo yana lallaɓawa cikin kundin kulle sirrin mutane, yana canza lamba a ɓoye, yana kiran abin share-share? Me kuma ya canza da ba a gani ba? Wa yake yi wa aiki? Ba ta kira shi a waya ba, don a waya ba a ganin idon mutum. Ta ɗauki jaka, ta sauka ta tari tasi.

Matar Farfesa ta buɗe mata, ta kai ta falo. Labule a sake, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, dattijon na kishingiɗe da auduga da filasta a ido ɗaya, ɗayan kuma yana ta ruwa. Idon da ta zo dubawa ke nan.

"'Yata, ke ce da rana tsaka, ranar bugu?" Sai ya dafa goshi. "Tambari."

"Ashe ka sani."

"Na sani mana. Na yi niyyar in canza kafin in tafi, sai likita ya matso da ranar. A kan gado na tuna, suna ɗiga mini magani. Na ce wa Hajiya ta kira ki, ta ɗauko waya, na ce ta bari."

"Don me, Farfesa? Shekara huɗu kana shiga ta bayana. Me kake ɓoyewa?"

"Ke nake ɓoye wa, ba wani abu nake ɓoyewa ba." Ya gyara zama da ƙyar. "Lokacin da na sake ginin akwatin, dole ta sa na raba tambarin da wuri na uku. Washegari na zo teburinki na ce, Malama, katinki na bukatar ƙarin layi. Kin tuna abin da kika ce?"

Ta tuna, har da kalar rigar da ke jikinsa.

"Kika ce, Farfesa, ka tsaya kan lissafinka ka bar mini lambobina, goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Daga nan kika yi mako biyu kina bin duk abin da na rubuta, har kika kai ƙarata wurin Manaja a kan waƙafi. Na ce a raina, in na sake buɗe baki matar nan za ta ce kujerarta nake so. Ni kuwa me zan yi da kujera mai fuskantar ƙofa? Sai na ga minti ɗaya ne aikin. Na riƙa yi."

"Da ka nace."

"Da na nace," ya yarda. "Laifina ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. Yau da ba ki ja kwaɗonki ba, da mun cuci mutanen da ba su san mu ba. Amma 'yata, faɗa miki magana wuya gare shi. Gyara a bayanki ya fi sauƙi, kuma mutum mai son sauƙi ne."

Matarsa ta kawo ruwa. Anti Lamba ta karɓa ta sha, ba ta ko duba kofin ba. Baƙin ciki ne ya cika ta, irin wanda ba shi da wanda za a ɗora wa. Bugu talatin da ɗaya take taƙama da su, ashe goma sha huɗu a ciki da hannun dattijon nan suka tsaya, ita tana can tana jera maɓallai. A cikin tasi, a hanyar komawa, sai ta tsinci kanta tana tunanin kwalbar mahaifinta. Ƙara dai take ji kullum. Ba ta taɓa ganin abin da ke ciki ba.

Ƙarfe huɗu saura ta shiga ofis. Ta zauna ta mayar da 40209 zuwa 40300, ta gwada a tsohuwar kwamfuta, tambari ya ce 4.3.0. Ta gwada sau uku. Daga nan ta yi abin da ya fi bin fayil wuya, ta taka zuwa teburin Dogo. Ba ta taɓa zuwa teburin ba sai yau, ta ga ashe hoton 'yan biyunsa ne a manne a gefen allo, ba takardar sirri ba kamar yadda ta ɗauka daga nesa.

"Na zarge ka a gaban mutane, kuma ba kai ba ne," ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji. "Ka yafe ni."

"Ya wuce, Anti."

"Bai wuce ba, amma na gode." Ta rage murya, ta nuna masa fayil ɗin. "Ga wurin da ka so faɗa mini da safe. Na goma sha biyu."

Dogo ya sunkuyo ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya sosa ƙeya.

"Anti, wallahi wannan ban san da shi ba. Manhajata ma ba ta kama shi ba, saboda sifilin nan." Ya waiga ya ga ba mai kallonsu, ya yi ƙasa da murya sosai. "Nawa daban ne."

"Naka?"

Ya buɗe wani fayil, na masu ɗora kundin a kan waya, wanda aka ƙara watanni kaɗan kafin zuwansa. Lambar tana nan, sabuwa fil, 4.3.0. Ya buɗe tarihi. Sunansa ne sau biyar, na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce, kafin ta rufe kundin.

"Tun yaushe?"

"Tun buguna na farko a nan. Na tambayi mutanen taga ko in faɗa miki, suka ce in ina son zaman lafiya in gyara in yi shiru. Manhajar ma don haka na rubuta ta, ba don makulli ba. Na ce kada wata rana in kwanta ciwo." Ya rufe fayil ɗin da sauri. "Ba sai Manaja ya ji ba, Anti. Wancan na Farfesa ke kika gano da kanki, ni ban gano ba, kin ga an yi canjaras. Wannan kuwa a gyare yake. Ki buga hatiminki."

Ta tsaya tana kallonsa. Ranar Litinin kalma ɗaya ce tsakaninsa da makullin, bai faɗa ba. Yau da safe ta ci masa fuska a gaban jama'a da shaida a hannunsa, bai fitar ba. Yanzu ma ga shi yana miƙo mata hanyar da za ta riƙe abinta, kuma hanyar mai kyau ce, ba wanda zai sani. Abin da kawai ake nema daga gare ta shi ne ta ci gaba da zama yadda take, a riƙa gyarawa a bayanta, sai dai yanzu da saninta. Ta ji zaren wuyanta ya yi mata nauyi.

Ta koma teburinta ta soka makullin, ta buga wa 4.3.0 hatimi ƙarfe biyar saura kwata, don asibitoci ba su da laifi. Sannan ta sa almakashi ta yanke ledar katin, ta ɗauki jan biro ta ƙara layi biyu a ƙasa, a matse, kowanne da sunan mai riƙonsa a gefe. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja ta ce ya fito, magana ce ta gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, ka ce in aka samu wurin da katin bai sani ba. An samu biyu. Ɗaya Farfesa ke rufa mini asiri a kansa shekara huɗu, ɗaya Dogo." Ta cire zaren ta kan ɗankwalinta, ya maƙale a ɗan kunne, ta ɓalle shi, ta ajiye makullin a tafin hannun Manaja.

A ƙasan ranta ta ɗan jira ya ce haba Anti, mayar da abinki. Bai ce ba. Ya juya makullin a hannu, ya ce Allah ya saka da alheri, ya miƙa wa Dogo, wanda ya karɓa kamar an ba shi garwashi. Hannunta ya tafi wuyanta da kansa, ya tarar da fata kawai, da ɗan layin da zaren ya bari na shekara tara.

Ta juya ta fuskanci ɗakin. Wannan karon ba ɓarawo take nema ba, amma kallon bai san haka ba, duk suka sunkuyar da kai.

"Tambaya ɗaya zan yi, kuma ba zan yi faɗa ba," ta ce. "Akwai na goma sha huɗu?"

Fanka ta yi ta juyawa. Mutanen taga suka kalli juna. Can sai mai rubuta littafin jagora, wadda shekara bakwai tana ajiye mata lemo ba ta ci, ta ɗaga hannu a hankali, iya kafaɗa.

Anti Lamba ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, bayanta ga ƙofa. Ta duba katin, babu sauran wuri a ƙasa. Ta juya shi ta ɓangaren gayyatar, ta samu fili a gefen sunan amarya, ta cire murfin biro.

"Faɗa mini," ta ce. "A hankali, ina rubutawa."